A Yi Ta Ta Ƙare: Lissafin Mai Matsakaicin Jari

Duk shekara idan kaka ta kama, amalanke da a-kori-kura suka fara kwaso buhunan gero da dawa da wake da riɗi daga ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura zuwa kasuwanni, akwai wani rukunin mutane da barci yake ƙaurace wa idanunsu. Manyan 'yan kasuwar Dawanau ba sa cikinsu, domin su ko tirela guda ta salwanta, gobe za su buɗe rumfa kamar ba a yi komai ba. Mai jarin tiya goma shi ma ba ya ciki, domin abin da ya saya da safe shi zai sayar da yamma. Waɗanda nake nufi su ne na tsakiya: malamin makarantar da ya kwashi adashi, da ma'aikacin da aka biya kuɗin sallama, da matashin da ya tara miliyan biyu ko uku a sana'ar waya a Kazaure, da matar da ta sayar da shanun gadonta. Kowannensu tambaya ɗaya ce take cin sa: in zuba kuɗin nan duka a hatsi in jira bazara, ko in riƙe?

Amsar da ta fi yawo a bakin matasa a 'yan shekarun nan ita ce a yi ta ta ƙare, ko a mutu ko a yi rai. Wasunsu sun tsinci wannan ra'ayi ne a hotunan bidiyo na wata karta ta Turawa da ake kira foka, inda za ka ga mutum ya tura duk abin da ke gabansa zuwa tsakiyar tebur, 'yan kallo suna sowa. A wannan makon ina so mu bi wannan tura dukiya har gidansa, mu ga lissafin da ke ƙarƙashinsa, domin babu inda aka yi wa shawarar mai matsakaicin jari ƙididdiga dalla-dalla kamar a wannan wasa.

Kafin nan, ya kamata in share wata hanya. Caca haramun ce a addininmu, dokar jihar nan ta hana ta, kuma duk wanda ya taso a garuruwanmu ya san gidan da ta rusa. Wannan fili ba makarantar caca ba ne. Sai dai masana lissafi sun daɗe suna ajiye wannan wasa a ɗakin bincike, kamar yadda likita yake ajiye ƙwayar cuta a kwalba domin ya san halinta. John von Neumann, wanda ya kafa ilimin lissafin dabarun hamayya, ya keɓe wa foka sashe mai tsawo a littafin da suka wallafa da Oskar Morgenstern a 1944, kuma ilimin da ya fito daga nan shi ake koyarwa a yau a sassan tattalin arziki da kimiyyar siyasa na jami'o'inmu. A watan Janairun 2017 wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, wadda masana na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka ƙirƙira, ta doke ƙwararru huɗu bayan rabon kati sau 120,000. Ke nan abin da zan faɗa lissafi ne da aka tace, kuma amfaninsa a wurinmu yana wajen teburin.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Katuna 52 ne. A nau'in da ya fi shahara, wanda ake kira Texas Hold'em, ana ba kowane ɗan wasa kati biyu a rufe, daga baya a buɗe guda biyar a tsakiya waɗanda kowa zai haɗa da nasa: uku a tashin farko, sannan ɗaya, sannan ɗaya. A gasa, kowa yana biyan kuɗin shiga a ba shi ƙwandalolin roba daidai da na kowa, kuma wanda nasa suka ƙare ya fita ke nan. Kafin a raba kati akwai zubin dole da ake karɓa bi da bi, kuma da babban zubin nan ake auna arzikin ɗan wasa. Mai zubi 60 ko 100 attajiri ne. Mai zubi 5 ko 6 yana bakin kabari. Mai zubi 15 zuwa 25 shi ne na tsakiya, kuma shi ne mutuminmu.

Matsalar na tsakiya ita ce agogo yana cin sa. A tebur mai mutum tara, zagaye guda yakan lashe masa kamar zubi biyu da rabi ko da bai taɓa kati ba. Mai zubi 20 ke nan zagaye takwas ya rage masa, kuma ana ƙara girman zubin lokaci bayan lokaci. Dan Harrington, wanda ya ci babbar gasar duniya ta Las Vegas a 1995, shi ya yaɗa wannan awo a littattafansa: raba abin da ke gabanka da abin da zagaye guda yake ci, ka ga sauran kwananka. Idan ɗan wasa ya zauna jiran kati mafi kyau, wato as guda biyu, lissafi ya nuna sau ɗaya suke zuwa a rabo 221. Kafin su iso ya riga ya zama labari.

To a nan ne dabarar take shigowa. Tun kafin a buɗe katunan tsakiya, wani ɗan wasa ya ɗaga zubi, sai na tsakiya ya mayar masa da martani ta hanyar tura duk abin da ya mallaka. Mai kallo zai ce ganganci ne. Bari mu auna shi da lambobi, a matsayin misali. Akwai zubi biyu da rabi na dole a tsakiya, wani ya ɗaga da biyu da rabi, tulin ya zama 5. Mutuminmu ya tura 20, kuma mu ɗauka sauran 'yan wasan ba su shiga ba. Ɗaya daga cikin abu biyu zai faru. Idan mai ɗagawa ya janye, mutuminmu ya kwashe 5 ba tare da an ga katinsa ba, wato arzikinsa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu a zama guda. Idan kuma ya amsa, tulin ya zama 42 da rabi, kuma tun da ba ya amsawa sai da kati mai ƙarfi, mu ce damar mutuminmu ta cin nasara kashi 35 ce cikin 100. Rabonsa a wannan tuli kusan 15 ne, alhali ya zuba 20. Ke nan duk lokacin da aka amsa masa, a matsakaicin lissafi ya yi asarar kusan 5.

Riba 5 idan an janye, asara 5 idan an amsa. Saboda haka duk maganar ta rataya a kan tambaya ɗaya: sau nawa abokin hamayya zai janye? Idan ya wuce rabi, dabarar tana da riba. Ɗan wasan da ke zaune a kujerun ƙarshe, wanda ya ga kusan kowa ya janye kafin a zo kansa, yakan ɗaga da katuna barkatai domin ya sace zubin dole. Idan yana ɗagawa da hannu 30 cikin 100 amma 10 kaɗai zai iya kare kansa da su, to sau biyu cikin uku zai gudu. Mutuminmu zai samu kamar 3.3 daga gudun, ya rasa kamar 1.7 daga amsawar, ya tsira da ribar zubi ɗaya da rabi da 'yan kai. Amma idan mai ɗagawar yana kujerun farko ne, inda mutum ba ya motsi sai da abin kirki a hannu, janyewarsa ba za ta wuce sau ɗaya cikin uku ba, damar mutuminmu kuma ta sauka zuwa kamar kashi 30. Sai lissafin ya kife, ya zama asarar fiye da zubi 3. Kati ɗaya, jari ɗaya, tura dukiya iri ɗaya, amma a gaban wani mutum hikima ce, a gaban wani kuma wauta.

Me ya sa dabarar ta zama ta na tsakiya shi kaɗai? Domin idan mai zubi 6 ya tura nasa, abokin hamayya cikon uku da rabi kawai zai yi a tulin da zai kai 14 da rabi. Damar kashi 24 cikin 100 ta ishe shi, kuma kusan kowane kati biyu suna da wannan. Ba wanda yake tsoron barazanar matalauci. Idan kuma mai zubi 60 ne ya tura, ya sa raƙumi a caca domin ya ci akuya, kuma sai an janye masa kusan sau takwas cikin goma kafin ya fita kunya. Na tsakiya ne kaɗai jarinsa ya isa ya ba da tsoro, kuma abin da ke tsakiyar tebur ya isa ya canza masa rayuwa. Haka nan hanyoyin sassauci sun toshe masa. Idan ya amsa ɗagawar kawai, ya ba da kashi ɗaya cikin takwas na dukiyarsa domin ya ga katuna ukun farko, waɗanda sau biyu cikin uku ba za su dace da nasa ba. Idan ya yi ƙaramin ƙari, ya zuba 7 misali, aka mayar masa da duka, cikon 13 ne a tulin 42 da rabi, kuma lissafi zai tilasta masa amsawa da yawancin katunan da ya fara da su. Ya shiga rijiya da ƙafa ɗaya, ya rasa tsoratarwar da shiga gaba ɗaya take bayarwa, bai kuma tsira da komai ba.

Hatta zaɓen katin da ake yin wannan da shi a kan ƙididdiga yake. Ƙwararru sukan fi son hannun da ke da as guda, ko da ɗayan katin ƙarami ne, domin riƙe as ɗin yana rage hanyoyin da abokin hamayya zai iya samun as biyu daga 6 zuwa 3, hanyoyin samun as da sarki kuma daga 16 zuwa 12. Sukan kuma guji mutum biyu: attajirin da asarar zubi 20 ba za ta girgiza shi ba, da matalaucin da ba shi da abin karewa. Wanda ake matsa wa shi ne ɗan'uwansu na tsakiya, mai abin da zai rasa.

Wannan shi ne lissafin. Yanzu mu dawo Kazaure mu tambaya: nawa ne daga cikin sharuɗɗansa suke cika a kasuwar hatsi, ko a gonar rani, ko a manhajar da ake ce wa matasa su zuba kuɗi?

Sharaɗi na farko shi ne a samu wanda zai iya janyewa. Mai karatu ya lura cewa a misalinmu duk ribar daga tsoron abokin hamayya ta fito. A cire janyewar nan, abin da ya rage asarar 5 ce a kowane zama. To farashin masara a Dawanau ba ya jin tsoro. Bai san ka sayar da filinka na bayan gari ba, bai san kuɗin sallamar shekara 35 ne a cikin buhunan nan ba. Damina ba ta janyewa don ta ga ka yi ƙuru. Ƙwaron tumatir da ya cinye gonaki a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna a 2016 bai tambayi kowa nawa ya zuba ba. Wanda ya tura dukiyarsa duka a gaban kasuwa kullum amsa masa ake yi, kuma kullum sai an buɗe katin.

Sharaɗi na biyu shi ne sanin iyakar abin da zai iya faruwa. A karta, hanyoyin haɗa kati biyu 1,326 ne, ba ƙari ba ragi, kuma kowa zai iya ƙirga su. A kasuwa kuwa ana saka sabon kati a tsakiyar wasa. Mu tuna abin da ya faru a gabanmu. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira, farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi, wanda duk ya ajiye hatsi a kakar wannan shekara ya ga riba. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya jawo rufe iyaka, abin da ya taɓa duk wani mai hulɗa da kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari, har zuwa Maris na 2024 da aka buɗe. A Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta garƙame wasu rumbuna a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. A Oktoban wannan shekara kuma gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Da aka shiga 2025 sai farashin hatsi ya yi ta sauka, a watannin da aka saba ganin yana hawa, waɗanda suka cika ɗakuna da tsada a kakar 2024 suna kallon uwar kuɗinsu tana narkewa. Haka masu zoɓo suka taɓa ɗanɗanawa lokacin da Meziko, babbar mai sayen zoɓon ƙasar nan, ta dakatar da karɓarsa na wasu shekaru saboda ƙwaro. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake cikin lissafin mai saye ranar da yake auna buhu.

Sharaɗi na uku shi ne wanda bidiyon ba ya nunawa, kuma shi ya fi muhimmanci. Abin da ƙwararren ɗan wasa yake turawa ƙwandalolin gasa ɗaya ne, gasar kuma ɗaya ce daga cikin ɗaruruwan da zai shiga a shekara. Ƙa'idar da suke bi a tsakaninsu ita ce kuɗin shiga gasa kada ya wuce kamar kashi ɗaya cikin 100 na jarin mutum. Wato wanda ake nuna mana a matsayin gwarzon a-yi-ta-ta-ƙare, a haƙiƙa mutum ne mai tsananin rowa da uwar kuɗinsa, wanda ya raba ta gida ɗari kafin ya zauna. Ribar zubi ɗaya da rabi da muka lissafa matsakaici ce, ba ta tabbata sai ga wanda zai maimaita abin sau ɗaruruwa. Wanda zai yi sau ɗaya tak, hangen Dala ne, ba shiga birni ba. Ko da as biyu ne a hannunka, abokin hamayya yana da sarki biyu, damarka kamar kashi 82 ce cikin 100. Ka sa ranka duka a kan wannan dama sau huɗu a jere, yiwuwar ka tsallake dukkansu ta faɗo ƙasa da rabi. A 2003 wani akanta mai suna Chris Moneymaker ya ci babbar gasar Las Vegas da dala miliyan biyu da rabi, labarinsa ya ja dubban mutane cikin wasan. Mutum 839 ne suka shiga wannan gasa, kowa da kujerar dala 10,000. Sunan mutum ɗaya duniya ta riƙe. Haka a garuruwanmu kowa ya san Alhajin da ya yi kuɗi da ajiyar wake a shekara guda, amma waɗanda suka karye a irin wannan hanya shiru suke yi, wasu su bar gari.

Game da manhajojin ninka kuɗi kuwa, irin MMM da ta daskare a Disamban 2016 da CBEX da ta rufta da kuɗin mutane a Afrilun 2025, ba sa ma buƙatar wannan dogon lissafi. A can mai rabon katin shi ne abokin hamayyar, kuma shi ya rubuta abin da ke jikin katin.

Duk da haka, kuskure ne a tashi daga wannan bayani da cewa mai matsakaicin jari ya ƙulle kuɗinsa a akwati. Akwai gaskiya biyu a teburin nan da suka shafe mu kai tsaye. Ta farko ita ce agogo. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ma'anarsa, naira miliyan ɗaya da aka ajiye shekara guda kafin nan ta koma tana sayen abin da kamar naira 742,000 take saya a da. Wannan shi ne zubin dole na zamaninmu, ana cire shi ko ka yi motsi ko ba ka yi ba. Mai cewa zai jira sai dama marar haɗari ta zo, shi ne mai jiran as biyu.

Gaskiya ta biyu ita ce sharrin rabin shiga. Mun ga yadda ƙaramin ƙari yake ɗaure ɗan wasa ba tare da ya ba shi komai ba. Irinsa ne mutumin da ya kama kadada uku ta tumatir a gefen madatsar ruwan Kazaure da kuɗin da bai wuce na kadada ɗaya ba: ya yi shuka, kuɗin taki da man injin ban-ruwa suka yanke a tsakiya, sai ya shiga cin bashi domin kada na farko ya tafi a banza. Irinsa ne mai ginin shaguna da ya tsaya a linta shekara biyar. Sun shiga da niyyar gwaji, aikin ya mayar da su masu zuba duka ba da shawararsu ba. Darasin shi ne a auna aiki daga ƙarshensa: idan kammala shi zai cinye duk abin da ka mallaka, to tun ranar farko ka zuba duka, ko ka sani ko ba ka sani ba.

To nawa ya kamata a zuba? Wannan ma an yi masa lissafi. A 1956 wani masani mai suna John Kelly, na cibiyar bincike ta Bell a Amurka, ya fitar da ƙa'idar da ke nuna kason jarin da ya fi haɓaka dukiya a tsawon lokaci. A harkar da ko dai ta ninka abin da ka sa ko ta cinye shi, idan damarka ta nasara kashi 55 ce, kashi 10 na jarinka za ka sa. Idan 60 ce, kashi 20. Ba ta yarda a sa duka ba sai damar ta kai 100 bisa 100, abin da babu shi a kasuwa. Mai damar kashi 60 da ya nace wa zuba duka sau goma a jere, yiwuwar ya kai ƙarshe da ransa kamar 6 ce cikin 1,000, alhali kowace harka a cikin goman mai kyau ce. Tun a 1738 Daniel Bernoulli ya nuna da lissafi cewa ɗan kasuwar da ya raba hajarsa a jiragen ruwa biyu ya fi wanda ya loda ta a jirgi ɗaya, duk da haɗarin nutsewar kowane jirgi bai canza ba.

Manomin Gwiwa bai karanta Bernoulli ba, amma dubi gonarsa. Gero da dawa da wake a fili ɗaya, domin in ruwa ya ɗauke da wuri geron ya tsira, in ya daɗe dawar ta yi. Ga tumaki biyu a bayan gida, ga ɗan abin da uwargida take juyawa, ga iri da aka rataye wanda ko yunwa ta yi tsanani ba a taɓa shi. Harshenmu ma ya raba dukiya biyu, ya kira ɗaya uwar kuɗi, ɗaya riba, kuma kowa ya san ba a yanka uwa don ana marmarin nama. Abin mamaki shi ne mu da muka yi boko, muka iya kashi cikin ɗari, mu ne muka fi saurin mantawa da wannan.

Akwai wuri ɗaya a rayuwarmu da dabarar take aiki kusan yadda take a tebur, wato ciniki tsakanin mutum da mutum. Wanda ya je sayen sa ko fili, ya ga wani babba yana taya kaya da yawa don gwaji, zai iya ajiye tayinsa na ƙarshe kuɗi hannu a gaban dillali, kuma sau da yawa mai gwajin zai ja da baya a sallama masa. A nan akwai mai janyewa, kuma ko an sallama kaya ka samu a madadin kuɗinka. Amma mai shagon da ya ce zai karya farashi domin ya kori babban dila daga layi, ya tura zubi 20 ne a gaban mai zubi 200. Dilan zai amsa yana murmushi, ya jira.

Saboda haka ga mai riƙe da kuɗin adashi ko na sallama a wannan kaka, shawarata tambayoyi uku ce da zai amsa a rubuce kafin ya kira dillali, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wane ne a ɗaya ɓangaren, kuma zai iya ja da baya, ko kuwa farashi ne da damina da sa hannun gwamnati? Idan farashin ya faɗi da rabi, mene ne zai rage a gidan nan, kuma kuɗin makarantar yara da amanar mutane suna cikin abin da zai tafi? Sannan idan wannan ta ƙi, da me zan sake shiga kasuwa baɗi? Wanda ya iya amsa ta ukun da lamba, ya sayi hatsinsa da wani kaso, ya sayar a hankali kashi-kashi maimakon jiran ƙololuwar farashi, ya bar wani kason a abin da ba ya faɗuwa tare da hatsi. Wanda kuma amsarsa ita ce babu, to ya rage buhunan har sai amsar ta samu.

Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura da Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure suna koya wa matasa lissafin yiwuwa a takarda. Zai yi kyau malamansu su riƙa kawo musu misalai daga rumbun hatsi da kasuwar dabbobi, domin ɗalibin da ya iya lissafa wa mahaifinsa abin da faɗuwar farashi za ta yi wa jarinsa ya yi wa gidansu aikin da ya fi takardar shaida. Iya ruwa dai fidda kai. Allah Ya sa albarka a abin da aka noma, Ya tsare mana uwar kuɗi.